Farashin Bango

Ranar da ƙanin matata ya shigo shagona da sabuwar riga da kwamfutar hannu a hammata, gabana ya faɗi, ban san dalili ba. Matata Oumou kullum cewa take ni ko kaza ce ta yi atishawa sai na ce annoba ta zo, don haka na danne zuciyata na miƙa masa kujera. Har yau ina cewa da ma na saurari faɗuwar gaban nan.

Sunana Abdulgani. Shekara ashirin da uku ke nan ina da shago a unguwar Nombakélé da ke Libreville, ina sayar da shinkafa da mai da sardin da madara da sabulu. Karatuna bai wuce firamare a Zariya ba, Faransancina kuma na kasuwa ne. 'Ya ɗaya Allah ya bar mana, Ni'imatu, a nan Libreville aka haife ta, a nan ta yi duk karatunta.

Sai na fara bayyana wani abu da duk mai shago a unguwarmu ya sani. Hukuma takan fitar da takardar farashin kayan masarufi, a ce kowa ya manna a bango, kada ya wuce. To amma masu sari ba sa duba takardar in za su sayar mana. In ka bi bango, kafin wata uku ka rufe shago. Saboda haka kowane kaya farashinsa biyu: na bango da na baki. Mai saye ya san na baki. Amma duk wanda ya shigo da takarda da biro a hannu, na bango ake faɗa masa, domin an taɓa rufe shagon maƙwabcina Salissou mako biyu a kan litar mai guda. Wannan ba ma sai an koya wa baƙo ba, kwana uku ya yi a layinmu zai iya.

Saïdou kuwa, ƙanin matar tawa, ba baƙo ba ne. Shekara huɗu ya yi a gidana lokacin da ya zo daga Garoua yin karatu. A tabarmata ya ci, a kwanona ya sha.

"Yaya," ya ce yana zama, "har yanzu kana auna wa mutane shinkafa kamar mai auna zinariya?"

"Kai kuma har yanzu kana cin ta kyauta. Wannan rigar wurin wa ka aro ta?"

"Aiki na samu. Na wucin gadi ne, amma in mutum ya yi ƙoƙari ana iya riƙe shi."

Ya ce wani ofishi ne na ƙididdiga ya ɗauke su, su bi shaguna wata-wata su rubuta farashin kaya. Haka ake yi a ƙasashe da yawa lokaci guda, don a kwatanta abin da kuɗin mutum yake saya a nan da abin da yake saya a wata ƙasa. Shi Nombakélé aka ba shi da gefen kasuwar Mont-Bouët.

Na ce, "To wanne za ka rubuta? Ka san biyu ne."

"Na bango mana."

"Ai ka san ba haka nake sayarwa ba. Kilon shinkafa a bango ɗari biyar, ni ɗari bakwai nake bayarwa, kuma da ƙyar nake fita."

Ya juyo mini da fuskar kwamfutar. "Ka ga nan? In na sa ɗari bakwai, ja take nunawa. Sai shugabana ya ce in koma in kawo dalili, in ɗauko hoton shagon. Kana son hoton shagonka a ofis, Yaya?"

Ban so ba. Katin izinin zamana a ƙasar ma saura wata biyar ya ƙare a lokacin.

"Amma ba abin da wannan zai jawo wa wani?"

"Wa zai jawo wa? Takarda ce, a tara a kai ƙasar waje a sa a durowa. Wallahi ba ta taɓa kowa."

Da ya rantse sai hankalina ya kwanta. Har ma na ji daɗi, domin ya zaɓa mini abin da dama tsorona yake so.

Matsalarsa ita ce sauran masu shago. Da sun hango shi da na'ura sai bakinsu ya mutu. Ni na kama hannunsa na zaga da shi. Na kai shi wurin Salissou, na kai shi wurin Haoua mai kayan miya, na kai shi wurin wasu takwas. Ko'ina cewa nake, "Ɗan gida ne, ƙanin Oumou. Ku ba shi na bango, ba ruwansa da kowa." Haoua ta kalle shi sama da ƙasa ta ce, "Wannan ba shi ne yake satar mini yaji yana ɗalibi ba?" Aka yi dariya. Shago goma sha ɗaya har da nawa, duk a kan maganata.

Wata uku ya yi yana zagawa. Daga nan ya daina wahalar da ƙafarsa. Sai ya zo shagona da hantsi, in haɗa masa shayi, ya ɗaga kai ya kwafi takardar bangona sau goma sha ɗaya, nan ya ƙara sefa ashirin da biyar, can ya rage, don kada su zama iri ɗaya. Shekara guda cur haka. Shugabansa ya yaba masa, wai takardunsa ba sa dawowa don gyara. Aka riƙe shi aiki na dindindin, ya yi aure, ya kama gida a Owendo. Ni na biya kuɗin motar da ta kai masa kaya. Daga nan na manta da zancen gaba ɗaya.

Shekara biyu bayan haka Ni'imatu ta ci jarrabawar bak ta gama sakandare da sakamakon da malamanta suka zo har shago suna yi mini barka. Tun tana ƙarama harhaɗa magunguna take so ta karanta. Ni kuwa na san abin da shagona zai iya ɗauka, kuma bai kai nan ba. Sai wata malamarta ta nuna mata wata gidauniya ta ƙasar waje da ke biya wa 'yan mata karatun kiwon lafiya a Dakar, kuɗin makaranta da masauki da jirgi, shekara shida. Ta cike takardu. Ta yi jarrabawar rubutu ta wuce. Suka yi hira da ita ta waya ta wuce. Aka ce saura wasiƙar ƙarshe. Oumou ba ta jira ba, ta shiga Mont-Bouët ta sayo akwati mai taya, ja wur, ta ajiye a kan kabad. Ni duk lokacin da na ga akwatin sai in ce, "Ki bari dai wasiƙar ta zo." Ta ce, "Kai ka ji da tsoronka, mu ka bar mu da murnarmu."

Wasiƙar ta zo wata Laraba bayan azahar, ta cikin waya. Na dawo gida cin abinci na tarar da Ni'imatu zaune a bakin ƙofa, wayar a cinyarta, ba ta kuka.

"Sun ce me?"

"Sun ce na cancanta, Baba. Ƙasar ce ba ta cancanta ba."

"Wace ƙasa?"

"Gabon. Wai tallafinsu na 'yan ƙasashe matalauta ne. Suna da layin da suka ja. Sabon lissafi ya fito, Gabon ta haura layin."

Na ce ai ita fasfonta na Nijeriya ne. Ta ce ta duba, dokarsu ƙasar da ɗaliba take zaune kuma ta yi sakandare suke bi, ba fasfo ba.

Oumou ta fito daga madafa da ludayi a hannu. "Mu ne masu arzikin? Yaushe? Ina barci aka raba?"

"Mama, ba rabawa ake yi ba, lissafi ne."

"To ki lissafa mini in ji."

Ni'imatu ta share fuskarta ta fara yi mana bayani a hankali, kamar yadda take yi in tana koya mini karanta takardar wuta. Ta ce ana tara darajar duk abin da ƙasa ta samar a shekara, man fetur, ma'adinai, katako, kifi, har cinikin shago irin nawa. Sai a raba da yawan mutanen ƙasar, a ce ga rabon kowane kai.

Oumou ta ce, "Gumaguman katakon da nake gani a bakin ruwa a Owendo har da su?"

"Har da su."

"To a ba ni rabona gungume guda," in ji Oumou, "in sayar in kai 'yata Dakar."

Ni'imatu ta ɗan yi murmushi. Ta ci gaba, ta ce ba a nan ake tsayawa ba. Kuɗi ɗaya ba abu ɗaya yake saya a ko'ina ba. Don haka sai a aika mutane shaguna su rubuto farashi. In aka ga kaya suna da araha a ƙasa, sai a ce kuɗin mutanenta yana da auki, a ɗaga lambarsu sama. In kaya da tsada, a sauke ta ƙasa.

"Sake faɗi," na ce.

"In farashi ya yi ƙasa, ƙasar takan fito da arziki fiye da yadda take. Shi ne abin da ban gane ba, Baba. Ko'ina ana kukan tsadar Libreville. Su a wace kasuwa suka yi sayayya?"

Na miƙe tsaye. Abincin nan ban ci shi ba. Na ce ciniki na jirana, na koma shago na zauna ina kallon takardar bango, wadda ƙuda ya ɓata gefenta, ɗari biyar ɗin nan tana nan yadda take.

Wasiƙar ta ce ana iya ɗaukaka ƙara cikin kwana talatin. Na kwana biyu ina juya maganar a raina. A na uku, ranar Asabar, na bar shago a rufe na shiga taksin Owendo. Cunkoso ya riƙe mu a hanya wajen awa guda, manyan motocin katako suna wuce mu ɗaya bayan ɗaya.

Na sami Saïdou yana wanke motarsa a ƙofar gida.

"A'a, Yaya da kansa! Wa ya mutu har ka rufe shago?"

"Ba wanda ya mutu. Zauna."

Na gaya masa komai. Ya ce kai, abin bai yi daɗi ba, yarinya mai ƙoƙari, Allah ya sa haka ne mafi alheri. Na ce ba jaje na zo karɓa ba. Takarda nake so ya rubuta, da sunansa da na ofishinsu, cewa farashin da aka ɗauka a Nombakélé ba shi ne ake sayarwa ba. Mu haɗa da ƙarar Ni'imatu.

Ya ajiye soson a kan motar. "Yaya, ka san abin da kake cewa kuwa?"

"Na sani."

"Shago goma sha ɗaya. A ƙasa guda. Ƙwayar gero ce a cikin buhu. Kana jin shagonka ne ya ɗaga Gabon? Man fetur ne ya ɗaga ta."

"Ku nawa aka ɗauka aikin?"

"Wajen arba'in."

"Sauran su ma na bango suka rubuta?"

Ya kawar da kai. "Ban bi kowa ba."

"Na'urarsu ba ta nuna ja?"

Ya ɗauki soson ya ci gaba da goge motar. Matarsa ta leƙo ta gaishe ni, ta ga fuskokinmu ta koma ciki.

Na ce, "Tambaya ɗaya zan yi maka, Saïdou, ka ji tsoron Allah. Ranar da ka zauna a shagona ka rantse, ka san abin da araha take yi wa lissafin nan?"

"Yaya..."

"Ka sani ko ba ka sani ba?"

"An koya mana. Ranar farko ma. Amma wa zai yi tunanin zai zo ya taɓa..."

"Ka ce wallahi ba ta taɓa kowa."

"To ina na san da wata gidauniya? Ni aiki nake nema! Shekara uku ina yawo da takardu a garin nan, kai shaida ne. Wanda takardunsa suke dawowa ba a riƙe shi."

"Ka samu aikin. Yanzu ka rubuta."

Nan muryarsa ta sauya. Ya daina ce mini Yaya da wasa, ya koma magana irin ta ofis, rabi Hausa rabi Faransanci. Ya ce shi abin da masu shago suka faɗa masa ya rubuta. Ya ce in an bi diddigi, wa ya ce a ba shi na bango? Wa ya zaga da shi? Ya ce in na kai maganar nan ko'ina, na amsa da bakina cewa ina sayarwa sama da doka, ni da mutum goma, kuma duk baƙi ne masu katin zama. "Ka yi tunanin Haoua," ya ce. "Marayu huɗu take riƙe da su."

"Yau ka tuna da Haoua?"

"Ina ba ka shawara ne."

"Shawararka ce ta kawo ni nan."

Ya shiga gida ya fito da ambulan, ya ce in kai wa Ni'imatu ta sayi wani abu. Ban buɗe ba. Na ɗora masa a kan jiƙaƙƙiyar motarsa na juya. Ya biyo ni har bakin titi yana cewa kada in gaya wa Oumou yadda muka yi, zumunci ya fi takarda. Na tare taksi na shiga.

Abin da ya fi mini nauyi shi ne gaya wa Ni'imatu. Na same ta da la'asar tana tsince wake a tsakar gida, uwarta na gefe. Na faɗi komai, ban rage nawa laifin ba. Na ce tsoro ne ya sa na so maganarsa, kuma ni na kai shi shagunan.

Oumou ta ce, "Saïdou? Saïdoun da na goya?" Ta tashi ta shiga ɗaki. Na ji ta sauko da jan akwatin daga kan kabad, ban san inda ta tura shi ba.

Ni'imatu ta ture waken gefe. Sannan ta ce, "Baba, gaskiyarsa a wuri ɗaya. Mai yiwuwa shagunanku ba su motsa lambar ko da ƙiris ba."

"Mai yiwuwa kuma sun motsa."

"Mai yiwuwa. Da kaɗan ƙasar ta haura layin."

"Da kaɗan nawa?"

"Kaɗan dai."

Na ce to in shi ba zai rubuta ba, ni zan rubuta. Ta ce in aka kai takardar inda bai kamata ba fa? Na ce na yi shekara ashirin da uku ina tsoron mai biro, ga inda ya kai ni. Ta kalle ni kamar ba ta taɓa ganina ba, sannan ta je ta ɗauko littafinta.

Ina faɗa da Hausa tana mayarwa Faransanci. Shinkafa, a bango kaza, a baki kaza. Mai, madara, sukari, sardin, sabulu, kaya ashirin da biyu, kamar yadda suke a shekarar da aka yi aikin, domin mai shago ba ya manta farashi. Na faɗi yadda aka kwafi bango. Sunan Saïdou ne kawai ban sa ba. Ni'imatu ta tsaya da biro tana jira, na ce ta rubuta "mai ɗaukar farashi". Ba don shi ba, don Oumou.

Washegari na sake zaga shagunan nan goma, wannan karon ni kaɗai. Na ce ni na jawo su, ga abin da ya faru, wanda zai sa hannu ya sa, wanda ba zai sa ba ban riƙe shi ba. Bakwai suka ce in yi haƙuri. Ɗaya ya ce bai ma tuna an yi ba. Salissou ya karanta takardar, bakinsa na motsi, ya ce, "An taɓa rufe ni a kan gaskiyar farashi, a sake rufe ni a kanta ba sabon abu ba ne," ya sa hannu. Haoua ba ta iya rubutu ba. Na ce ta bari, tana da yara. Ta ce, "Abdulgani, da ka kawo mini ɓarawon yaji ba ka tuna ina da yara ba, sai yau?" Ta shafa tawada a babban yatsanta ta dangwala.

Hannu uku ke nan da nawa. Ni'imatu ta ɗauki hoton takardar ta haɗa da ƙararta, ta tura tun kafin wa'adi ya cika. Nan take saƙo ya dawo cewa an karɓa, irin wanda na'ura take aikowa.

Yau mako bakwai ke nan. Saïdou bai tako gidanmu ba, ya kira Oumou sau biyu ba ta ɗauka ba. Ni'imatu ta fara koyar da yaran maƙwabta lissafi da yamma, kuma tana duba wayarta fiye da yadda take so in lura. Takardar farashi tana nan a bangona, domin doka ce. Jiya wani mutum ya shigo da biro a aljihu ya tambayi kilon shinkafa, na faɗa masa na baki, ya saya ya tafi. Na bi shi da ido har ya sha kwana.

Gidauniyar ba ta amsa ba tukuna. Ban sani ba ko akwai mutumin da ya karanta takardarmu, ko za a tura ta ga waɗanda za su zo su rufe mu. Kuma har yanzu ban sani ba ko ƙaryar da muka faɗa a Nombakélé tana cikin ɗan kaɗan ɗin da ya hana 'yata tafiya.